Damisar tagulla ta Binin: yaya ake gane tsohuwa?

Baban Ilham:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka. Na ga wata damisa ta tagulla a kasuwar kayan gargajiya a Abuja, duk ta yi kore-kore, mai kayan yana ta rantsuwa wai daga fadar Oba, sarkin Binin, ta fito tun zamanin kakanni, kuɗin da ya faɗa kuma ba kaɗan ba. In saya?

Sarkin Zubi:
Wslm. Malam kar ka saya da sunan tsohuwa. Na asalin ai Turawan Ingila sun kwashe su a 1897 da suka ƙone birnin, suna gidajen tarihi a Landan da Balin da sauransu. Wadda ka gani ƙila a layin Igun aka zuba ta, can maƙeran Binin suke har gobe, gado ne daga uba zuwa ɗa. Yadda suke yi, za a fara gina jikin da yumɓu, a lulluɓe da kakin zuma a fitar da ido da haƙora da ɗigo-ɗigon jikin damisar duk a kan kakin, a sake rufewa da yumɓu a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye sai a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun, shi ya sa ba ka samun biyu iri ɗaya sak. Da can da mundayen da Turawan Fotugal ke kawowa ake narkawa, yanzu kuwa tsofaffin kan famfo da kwado da makullai ne. Koren nan ma binnewa ake yi a ƙasa ko a zuba mata asid.

Maman Sadiq:
Gaskiya ne. Ko zakaran tagullar nan na Binin da ake kira Okukor sai 2021 wata kwaleji a Kambirij ta dawo da shi, shekara sama da 100 yana hannunsu, ta ina irinsa zai faɗo rumfar kasuwa?

Ɗan Sabon Gari:
Yaya, in ma ta tabbata tsohuwa ce to rigima ka sayo, dokar 1979 ta hana cinikin kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ni abin da ke min ciwo, aikin maƙeran nan na yau yana da kyau wallahi, ba sai an laƙa masa ƙarya ba. Ka taya ta a kuɗin sabuwa.

Baban Ilham:
Na gode sosai, Allah ya saka. Gobe zan koma in tambaye shi wane maƙeri ne ya zuba ta.