Dan Allah ya ake rubuta 12,500 da lambobin Romawa?

Maman_Ikram:
Assalamu alaikum 'yan uwa, masu lissafi ku zo ku fitar da ni kunya. Ikram tana aji biyar, jiya aka ba su aikin gida wai su rubuta 4,000 da 12,500 da lambobin Romawa, ni dai iya sanina M shi ne dubu kuma ban san harafin da ya fi shi ba, sai na ce ta jera M goma sha biyu ta sa D a ƙarshe, yarinya ta duƙufa tana ta jero M har layin ya kusa ƙarewa. Yau ta dawo an zabga mata jan biro tana ta kumbure-kumbure wai ni na kayar da ita. Babanta ya gwada a Excel, da ya sa 3999 ya ba shi MMMCMXCIX, yana ƙara ɗaya sai ya nuna kuskure. To su Romawan ba su taɓa ƙirga abin da ya kai dubu huɗu ba ne?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam Maman Ikram. Sun ƙirga mana. Matsalar ita ce ƙa'idar da ake koyarwa yanzu ba ta yarda a maimaita harafi fiye da sau uku a jere ba, shi ya sa haruffan nan bakwai, wato I (1), V (5), X (10), L (50), C (100), D (500) da M (1,000), suke tsayawa a 3,999. In an wuce nan layi ake ja a saman lambar, kuma duk abin da ke ƙarƙashin layin an ninka shi sau dubu. Kin ga V mai layi 5,000 ke nan, X mai layi 10,000, M mai layi miliyan ɗaya. 4,000 kuwa IV za ta rubuta ta ja masa layi. Ita 12,500 a raba ta biyu, dubu goma sha biyu da ɗari biyar, ta rubuta XII ta ja layi a kansu su kaɗai, sannan D a gefe ba layi. Ki kula mata sosai kar layin ya zarce kan D, a nan yara suke faɗuwa, in ya zarce ya zama wata lamba daban.

Abba_Tarihi:
Malam ya gama magana, amma Anti kar ki ga laifin kanki da yawa, abin da kika yi su ma masu abin sun yi. Je ki ga tsofaffin rubuce-rubucensu, IIII suke sawa a wurin huɗu ba ruwansu, har a ƙofofin Kolosiyam, tsohon filin wasan birnin Rum, akwai ƙofa ta 44 da aka rubuta XLIIII, kuma ki duba agogon bango mai irin lambobin nan yawanci IIII za ki gani. Akwai ma wani ginshiƙi da suka kafa saboda nasarar yaƙin ruwa da suka yi a kan daular Kartej ta Arewacin Afirka shekara 260 kafin haihuwar Annabi Isa, da za su rubuta yawan ganimar sai suka yi ta maimaita alamar 100,000 sama da sau ashirin, kin ga M ɗinki sha biyu ai wasa ne. Alamar kanta abin kallo ce, sanda ɗaya a tsakiya, C uku a hagu, C uku juyayyu a dama. Kalmar miliyan ma ba su da ita, cewa suke dubu ɗari sau goma.

Kuma wannan layin na Malam ba shi kaɗai ba ne, in suka kewaye lamba ta sama da gefe biyu to sau 100,000 aka ninka. Wlh har gado an ci da irin wannan ruɗanin. Livia matar sarki Agustus ta bar wa Galba, wanda daga baya shi ma ya zama sarki, wasiyyar miliyan 50 na kuɗinsu, amma da lamba aka rubuta ba a rubuta da kalmomi ba, sai ɗanta sarki Tiberiyas ya ce shi 500,000 ya gani, kuma su ɗin ma bai ba shi ba. D ne dai guda ɗaya, in da kewaye miliyan 50, in layi ne kawai dubu 500. Duk lokacin da na cike cek na rubuta kuɗin da lamba na sake rubutawa da kalmomi sai na tuna Galba.

Hajiyayye:
Ni fa abin da ban gane ba, me yaro zai yi da 12,500 na Romawa? In dai zai karanta agogo da shafukan farkon littafi da II ko III ɗin da ake sa wa sunan sarakuna ai ya wadatar. Mutanen da ko sifili ba su da shi.

Maman_Ikram:
Hhhh Hajiya jarrabawa ce ta sa, ba yadda muka iya. Na gode Malam, Allah ya ƙara basira, Abba kai ma ka wanke ni a wurin Ikram. Saura ɗaya, akwai 1999 a shafi na gaba, ta ce MIM za ta sa tunda dubu biyu ba ɗaya ne, ni ma dai na ga kamar ya yi.

Malam_Lissafi:
A'a kar ta sa, wani jan biron ne. I ana cire shi daga V da X ne kawai, X daga L da C, shi kuma C daga D da M. Ta bi gida-gida, M dubu, CM ɗari tara, XC casa'in, IX tara, ya zama MCMXCIX. In ta gama ki ba ta 1888 ta gwada, haruffa goma sha uku za ta samu in ta yi daidai, ki turo mana mu duba.