Sabon akawun, ɗan gari, daren Juma'a: a karɓa ko a ƙi?

Alhaji na Gwarinpa: Salamu alaikum. Abin nan ya ishe ni. Kullum masu gidajen haya na 'yan kwanaki muna kukan ɓarna, alhali mu ke buɗe ƙofa da hannunmu. Ga wani ya nemi kama gida ta Airbnb, manhajar hayar masauki: akawun ɗinsa jiya aka buɗe shi, ba sharhi ko ɗaya daga masu gidajen da ya taɓa sauka, kwana ɗaya tak, daren Juma'a, gida ɗaki uku ya rubuta mutum biyu, kuma ɗan gari ne. Wannan casu ne. A ƙi kawai.

Hajiya ta Jabi: Wa alaikumus salam. Alhaji, ɗan gari kuma? Wa ke kama wa 'yan biki masauki in ba ɗan gari ba? Wa ke nema wa masu jinya wurin kwana kusa da asibiti?

Malam na Kubwa: Hajiya, a Airbnb ma ba a yarda mutum ya kama wa wani ba, sai in da shi za a sauka. Kuma a 2020 sun hana 'yan ƙasa da shekara 25 da ba su da kyakkyawan sharhi uku kama gida sukutum a kusa da inda suke zaune. A 2022 suka haramta casu dindindin.

Hajiya ta Jabi: A Amurka da Kanada da Ingila aka yi wannan, Malam. Kuma shekaru da sharhi suka haɗa, ba zaman gari kaɗai ba.

Ƙanin kowa: Tukuna, wane ne ɗan gari? Mutumin Mararaba a Nasarawa yake, amma kullum a Abuja yake wuni.

Alhaji na Gwarinpa: Kai yaro, wanda zai iya tara abokai ashirin cikin awa ɗaya, shi ne ɗan gari.

Anti ta Wuse: Ku bar wannan. A kashe Instant Book, wato tsarin da baƙo ke kama gida nan take ba sai ka amince ba, sai buƙata ta riƙa zuwa, kana da awa 24 ka amsa. Hoton baƙo ba ya fitowa sai ka karɓa, don haka tambaya ce makaminka: me ya kawo ku, ku nawa ne, kun karanta dokokin gida? Mai gaskiya amsa yake yi tiryan-tiryan. Wanda ya ce a koma WhatsApp ya biya ka kai tsaye, ka sani kariyar AirCover, wadda Airbnb ke ba mai gida in an yi ɓarna, ta tafi. In ta Instagram ya zo, kada a ba da makulli don an ga alat na tes, a buɗe manhajar banki a ga kuɗin. Sunan mai turo kuɗi ya dace da na katin shaida. A karɓi kuɗin ajiya na ɓarna, a ɗauki bidiyon kowane ɗaki da lambar mita kafin ya shiga. In an yi ɓarna a Airbnb, kwana 14 gare ka bayan fitarsa ka shigar da koke.

Malam na Kubwa: A ƙara da kwafin NIN, da kyamara a falo.

Anti ta Wuse: Subhanallahi, a falo? Tun 30 ga Afrilu 2024 Airbnb suka hana kyamarar cikin gida gaba ɗaya. Ta bakin get kawai, ita ma sai ka bayyana a tallarka. Da matan mutane fa ake sauka!

Hajiya ta Jabi: Kwafin NIN ɗin ma a wayar wa zai zauna, ta maigadi? Akwai dokar kare bayanai ta 2023. A duba kati a miƙa wa mai shi.

Malam na Kubwa: Ku biyun dama bakinku ɗaya.

Admin: To, ya isa haka. Abin da aka tsayar: ɗan gari mai kwana ɗaya a ƙi shi, kamar yadda Alhaji ya faɗa, sannan a riƙa karɓar NIN. Sauran bayanin Anti yana sama ga mai so.

Hajiya ta Jabi: Ranka ya daɗe, da wa aka tsayar? Ni ban yarda ba.