Wai funfuna ma na yin barbara?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Malaminmu na biyoloji ya ce wai funfuna masu sa cuta su ma suna barbara, ni ko abin da na sani kawai su tsiro su watsa ƙurarsu su yaɗu, irin wadda ke fitowa kan gyaɗa in an zuba ta a buhu da danshi. To wa ya gani, ina hujja?

'Yar Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. An gani kam amma an sha jira. Aspergillus fumigatus mai kama huhu, shekara da shekaru ana cewa ba ta yi. A 2005 aka gano jinsi biyu gare ta a ADN, wato sinadarin gado da ke ɗauke da halayen halitta, ana kiransu MAT1-1 da MAT1-2, kuma in an tattaro samfuri daga wurare daban-daban kusan rabi da rabi ake samu, ka ga nan an fara zargi. Sai a 2009 masu bincike na Ailan da Ingila suka ba da rahoton sun haɗa su faranti ɗaya, cikin duhu, zafi digiri 30, har wata 6 fa, wa ke da wannan haƙuri, sai ga 'yan ƙulluka cike da iri, 'ya'yan kuma sun gauraya halin iyaye biyun. Wannan gaurayar ce hujjar da ba gardama.

Ɗan Garin Malam:
Ta gyaɗar taka ma, Aspergillus flavus mai fitar da gubar nan aflatoksin, a 2009 ɗin aka nuna tana yi. Amma wadda ta fi ban mamaki Cryptococcus neoformans ce, ta kashin tattabara, mai sa sanƙarau ga masu sida. Tun 1975 wata mai bincike, Kwon-Chung, ta ga barbararta a labo, sai dai kusan duk waɗanda ake samu jikin majinyata jinsi ɗaya ne, alfa, aka yi ta tambayar to da wa take yi a waje? A 2005 aka nuna alfa da alfa ma suna iya haɗuwa.

Ɗan Birni:
Ikon Allah! To yaya, mu ina ruwanmu da aurensu?

'Yar Zango:
Da ruwanka mana. Wadda ke kwafin kanta kawai, canjinta a hankali yake. In ana gauraya, wannan ta kawo jure magani waccan ta kawo ƙarfin cuta, sai su haɗu jikin ɗa guda, likita ya ba da maganin da ya saba ya ƙi ci. Amma ka lura in za ka rubuta a jarrabawa, yawancin wannan a labo aka gani, a daji da gona daga ADN ake gano sawunta.