Wai kwalekwalen hura iska da ka liƙa da dutsen guga ya kai na kamfani?

Injiniya Bashir: Jama'a ni fa ina nan kan bakana. Ƙaramin kwalekwalen hura iska ɗin nan da ake naɗewa a cusa a jakar goyo, in mutum ya haɗa shi da hannunsa a gida kuma ya yi aikin yadda ya kamata, wallahi ba shi da maraba da na kamfani wajen ƙarfi. Yadin ɗaya ne, nailan mai shafen roba da ake kira TPU, zafi ke narkar da shi ya kama ɗan'uwansa. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Malam Habu: Injiniya da girmanka. Kana nufin in ɗauki abin da aka liƙa da dutsen guga in yanki daji, tafiyar kwana da kwanaki inda ba sabis ba mutane, in tsallaka kogi a kansa? Haba dai.

Injiniya Bashir: Ba dutsen gugar kaya ba Malam, wannan ya yi faɗi, zai narkar ma da inda ba ka so. Ɗan ƙarami ne mai siririn baki, zafinsa wajen digiri 200 na Salsiyas.

Sadik: Yaya Bashir ni tambaya ce da ni, ta yaya mutum zai san liƙin ya kama? Ai ido ba zai nuna ma ba

Injiniya Bashir: Yawwa ƙanena, nan ne maganar take. Kafin ka taɓa ainihin yadin sai ka yanki ƙyalle biyu ka haɗa fuskar roba da fuskar roba, don roba da roba kaɗai ke kamawa, in ka kifa ta kan gefen nailan aikin banza ka yi. Ka danna dutsen kana tafiya da shi a hankali, ka bi da ɗan abin murzawa tun da zafinsa, ka bari ya huce sarai sannan ka kama gefe biyun ka ja da iya ƙarfinka. In ya ɓare sumul, kowane gefe da robarsa tana ƙyalli, bai kama ba, ko zafi ya yi kaɗan ko ka yi sauri. In kuwa robar ta baro jikin nailan gaba ɗaya har ka ga zaren tsirara, toh liƙin ya fi yadin kansa ƙarfi, me kuma injin kamfani zai ƙara a kan haka?

Malam Habu: A kan ƙyalle mai tsawon yatsa kenan, a shimfiɗe kan tebur. Kwalekwalen kuwa liƙi ne mita da mita, da lanƙwasa, da inda liƙi uku suka haɗu wuri ɗaya, da inda ƙasan jirgin ya haɗu da tiyub, wato bututun iskar da ya kewaye shi. Santimita ɗaya ta kuɓuce ma lokacin da hannu ya gaji, shi kenan. Kamfani sun maimaita liƙin nan har ya zame musu jiki, injinsu zafinsa da saurinsa a daidaice, kai kuwa naka na farko shi ne kuma za ka hau.

Baba Sale: Ku bari in sa baki. Habu kana magana kamar kamfani ne ya haifi abin nan, alhali 'yan ƙirƙira ne suka fara shi. Tun shekarun 1840 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Peter Halkett, ya haɗa kwalekwalen yadi mai shafen roba wanda ake iya yafawa kamar alkyabba, kuma wani mai binciken ƙasa, John Rae, ya tafi da irin nasa can arewacin Kanada a 1846. A 1952 wani mai yawon daji, Dick Griffith, ya bi kogi a Copper Canyon ta Meziko da ɗan kwalekwalen ceto na hura iska irin na sojan sama, shi ne kuma ya fito da irinsa a tseren daji na Alaska a 1982 mutane suka ga amfaninsa. Shi kansa Alpacka, kamfanin irin wannan kwalekwalen da ake ji da shi yau, mai shi Sheri Tingey ce ta fara haɗa wa ɗanta a gida wajen shekarar 2000.

Malam Habu: Baba Allah ya ƙara girma, amma matar nan ta daɗe tana ɗinka kayan masu yawon daji kafin nan, ba ranar ta fara riƙe almakashi ba. Sadik fa bai taɓa liƙa ko facin keke ba.

Sadik: Kai Malam 😂

Anti Rabi: Ni dai ina ganin duk kun bar inda haɗarin yake. Yawancin jiragen nan ɗaki ɗaya ne na iska, na gida da na kamfani duka, don kada nauyi ya wuce kilo biyu zuwa uku. Ɓula ɗaya babba, duk iskar ta tafi. Kuma ba liƙi ne kaɗai ke ɓula jirgi ba, akwai reshen da ya nutse ba ka ganinsa, akwai dutse mai kaifi. Reshe ba ya tambayar wa ya haɗa jirgin.

Injiniya Bashir: Na gode Anti, ai abin da nake faɗa kenan

Anti Rabi: A'a Injiniya ban goyi bayanka ba tukuna. Da sharaɗi. Wanda ya haɗa a gida shi ne ma'aikaci shi ne kuma mai duba aiki, kuma mutum yana yi wa aikin hannunsa sassauci. Ka hura shi tam ka bar shi ya kwana, da safe ka danna ka ji. Ka bi kowane liƙi da ruwan sabulu, inda ka ga kumfa tana tasowa ka yi alama ka gyara. Sannan ruwa mai kwanciya kusa da gaɓa, da kaya a kai kamar yadda za ka yi tafiyar, ka kife shi da gangan ka koyi hawa daga cikin ruwa. Mutum nawa ne ke da haƙurin wannan bayan sun gama liƙin ƙarshe suna ɗokin shiga ruwa?

Sadik: Wani da na sani ya ce nasa yana gwaji lafiya lau a gida amma yana sa shi a ruwa sai ya yi laushi, ba yoyo ba ne wannan?

Malama Hadiza: Ba lallai ba. Lissafi ne kawai. Ka hura da iska mai digiri 35 ka ɗora a ruwa mai digiri 10, iskar ciki za ta yi asarar kusan kashi 8 cikin 100 na matsinta. Matsin da ke cikin jirgin kuwa dama bai fi na iskar waje da wani abin kirki ba, a ma'aunin matsi na psi, ɗaya zuwa biyu ne kawai a kan 14.7 na iskar waje, don haka kashi takwas ɗin nan ya isa ya cinye kusan duk taurin. Shi ya sa ake barin shi a ruwa 'yan mintuna sannan a ƙara iska da baki. Kishiyar hakan ce ma ta fi ban tsoro, ka fito da shi a cike tam ka ajiye a rana, iska ta kumbura, nan ne liƙi mai rauni ke buɗewa. Ka rage iska duk lokacin da ka fito.

Malam Habu: Kun ji ko, liƙi mai rauni. Na wa ya fi yiwuwa ya zama mai rauni?

Injiniya Bashir: Na wanda bai gwada ba. Kuma ga abin da ba ku lissafa ba, in ya ɓule a tsakiyar daji wanda ya haɗa nasa ya san kowane lungu, ya san inda zai duba, ya busar ya manna tef ya ci gaba, in ya sauka da dare ya shafa gam irin su Aquaseal ya bari ya kwana. Wanda ya saya wani lokaci ko bawul ɗinsa bai taɓa kwancewa ba.

Malam Habu: Wannan na ba ka. Amma tafki da kogi mai tafiya a hankali daban, ruwa mai gudu yana dukan duwatsu daban. A na biyun ba zan hau na gida ba ko wa ya liƙa shi.

Baba Sale: A na biyun ko na kamfani ne ba na so in ji ɗayanku ya shiga shi kaɗai, ko babu rigar ceto da hular kwano.

Sadik: Toh Yaya in zan fara wane kauri zan nema?

Injiniya Bashir: D ɗin ma'aunin kaurin zaren yadi ne, 210D na tiyub, 420D na ƙasa tunda shi ke gogar duwatsu, in ka sauka ƙasa da haka za ka samu sauƙin nauyi amma sai dai tafki. Kuma ka saka bawul ka shafe mahaɗar liƙi ta ciki da gam tun kafin ka rufe liƙin ƙarshe, in ka rufe hannu ba zai ƙara shiga ba.

Malam Habu: In ka gama ka turo mana hoton ƙyallen gwajin da ka ɓare tukuna, ba na jirgin ba.