Motar da aka gyara don keken Hajiya: ta Jamus, ta Ingila ko ta Amurka?

Baban Ummi, Agege: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Shawara nake nema. Mahaifiyarmu tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki a keke take, kuma duk sati sai mun kai ta gashin ƙashi Idi-Araba. Ni da ƙanena muke ciccibarta mu sa a Corolla, tana cije leɓe don kada mu gane tana jin zafi. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Yayanmu da ke Hamburg ya samo Volkswagen Transporter da aka gyara, da abin ɗaga keke a ƙofar baya. Wani abokina a Ingila kuma ya turo hoton wata mai araha sosai. Akwai wanda ya taɓa shigo da irin wannan har ya yi mata lamba a Legas?

Ɗan Ladipo: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka muku da alheri. Ta Ingilan nan ka cire ta a lissafi tun yanzu, araha ba ta ado. Sitiyarinta a dama yake. Mu tun 1972 muka koma bin hannun dama a titi, kuma mota mai sitiyarin dama ba a yarda da ita ba. Za ka samu mai ce maka kawo in juya maka. Na ga irin juyin da idona: a yanka, a yi walda, waya ta ko'ina, bayan wata uku sitiyari na rawa. Ko da an juya da kyau, ƙofar gefe fa? Motar Ingila ƙofarta mai zugewa a hagu take, wato a nan tsakiyar titi za ta riƙa buɗewa, ta wajen danfo da keke Marwa.

Baban Ummi: Kai! Wannan ta ƙofar ko kaɗan ban yi tunaninta ba. Na gode ɗan'uwa.

Alhajin Apapa: Amin ga addu'ar Hajiya. Malam, kafin yayanku ya biya ko sisi, abu biyu zai turo maka: shekarar da aka ƙera motar, da lambar shasi, wadda ake kira VIN, haruffa da lambobi 17. Da shekara 15 ce iyakar tsufan motar da za a shigo da ita, yanzu 12 ce, kuma daga shekarar ƙira ake ƙirgawa, ba daga ranar da aka gyara ta ba. Mutane na ruɗewa a nan, su ce ai gyaran sabo ne.

Inda aka fi shan wahala da motar da aka yi wa gyara shi ne takarda ta faɗi wani abu, ido ya ga wani. Kwastam rukuni-rukuni suke duba mota. Ta ɗaukar kaya tana ƙarƙashin 8704, ta ɗaukar mutane 8703, wadda ke cin mutum 10 zuwa sama har da direba kuma 8702, kowanne da lissafin fitonsa. To da yawa daga cikin motocin nan a matsayin motar kaya suka fito daga kamfani, ba kujerun baya, ba tagogi, daga baya wani kamfanin ya fasa tagogi ya sa kujeru da abin ɗaga keke. Ejan ya shigar da ita a motar kaya, ranar duba jami'i ya zuge ƙofa ya ga kujeru. Shi ke nan an tsayar, a sake lissafi, kuɗin ajiya na hawa kullum kamar kuɗin ruwa.

Alherin Jamus shi ne ba a yin irin wannan gyaran a bar shi haka, sai masu duba lafiyar mota irin su TÜV sun gani an rubuta a takardun motar. Takardar tasu kashi biyu ce. Ya turo hoton duka biyun, a ga yawan kujerun da aka rubuta ya yi daidai da na cikin motar.

Maman Walid, Mile 12: Sannu Baban Ummi, Allah Ya ba Mama sauƙi. Mu Sienna muke da ita daga Amurka, saboda maigidana. Irin wadda aka sauke ƙasanta aka sa gangara, sai dai a turo keke ya hau. Gaskiya ta share mana hawaye, don yanzu ni kaɗai ina fita da shi. Amma in faɗa maka aibinta. Cikinta ya yi ƙasa da yawa. Duk tudun rage gudu sai na bi shi a karkace, ina ji ƙarr a ƙasa, gabana na faɗuwa. Da damina kuwa in ruwa ya kwanta a layinmu ba na ma fito da ita. Gangarar tamu ta lantarki ce, ta taɓa maƙalewa a buɗe a bakin asibiti, muka fi awa guda ana neman mai waya, maigida na zaune cikin rana. Da yau zan saya, mai gangarar hannu zan ɗauka.

Ɗan Ladipo: Maman Walid ta faɗi gaskiya, amma duk da haka ni Sienna zan ce. Fetur take sha, kayan gyaranta a kasuwar Ladipo kamar ƙasa, kowane bakanike ya san ta. Transporter ta Jamus kusan duk dizal ce, kuma ta shekarun da doka ta yarda a shigo da su tana da matatar hayaƙi a salansa. Matatar nan gudu take so a babbar hanya don ta ƙone baƙin hayaƙin da ta tara. Kai kuma Agege zuwa Idi-Araba za ka riƙa yi cikin gosulo. Sai ta toshe, fitila ta kama, mota ta ƙi ja. Sababbin kuma har da AdBlue suke sha, wani ruwa na rage gubar hayaƙi.

Alhajin Apapa: Bakanike dai ba ya ganin komai sai inji. Ka ji abin da Maman Walid ta ce kan ƙasan mota? Ta Jamus ɗin ba a taɓa ƙasanta ba, abin ɗagawa ne aka ɗaura a baya, tsayinta daga ƙasa yana nan yadda kamfani ya yi. A titin Agege wannan ba ƙaramin abu ba ne. In kuma Amurkar za a je, a guji ta gwanjo wadda ambaliya ta ci, don wayoyin gangarar a ƙasa suke. Kuma dole a miƙa wa kwastam ɗin can asalin takardar mallaka awa 72 kafin a fitar da ita.

Na Alaba Rago: Ni fa da ta Kwatano aka sauke ta, a shigo ta Seme, ba za a sha wannan dogon turancin ba.

Alhajin Apapa: A'a yallaɓai, kada ka jefa bawan Allah a rami. Tun 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa ta tudu. Motar mara lafiya ce, ba ta shiga daji da dare ba. Ranar da masu sintiri suka tare ta a hanyar Ibadan da Hajiya a ciki, wa za a kira?

Na Alaba Rago: Na janye, Alhaji. Allah Ya huci zuciyarka.

Malam Direba: In ƙara da abin da ya same ni. Na karɓo wa maigidana bas a tashar jirgin ruwa, ta zo a irin jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita a tuƙo ta a fito. Mun tarar ba rediyo, ba jak, ba tayar safaya. A can ne, a jirgi ne, a nan ne, Allah masani. Don haka rimot ɗin abin ɗagawa da bel-bel ɗin da ake ɗaure keke da su, guda huɗu ne galibi, a cire a aiko daban ta hannun mai zuwa. In babu su motar ba ta da amfani ga Hajiya. Ko kuma a sa ta a kwantena in aljihu zai ɗauka. A auna tsayinta tukuna: ƙofar kwantena ta gama-gari wajen mita 2.28 ce, ta dogon kuma wajen 2.58. Mai dogon rufi ba kowace ke shiga ba.

Baban Ummi: Yaya ya turo hotunan yanzu. Ƙirar 2017 ce, dizal, rufinta na daidai. Kujeru biyar a takarda, biyar a mota, kuma ya ce an rubuta abin ɗagawar. Sai dai lambar shasin akwai ZZZ a tsakiya, ko matsala ce?

Alhajin Apapa: Haka Volkswagen na Turai suke, ba jabu ba ce. Abin da zai iya faruwa shi ne, tun 2022 kwastam da VIN suke fitar da ƙimar mota a kwamfuta, kuma lambobin Turai ba kullum na'urar ke karanta su ba. In ta ƙi, akwai hanyar da muke kira 846, a yi ƙimar da hannu, tana ɗan cin lokaci. Ka sa ejan ɗinka ya yi rajistar VREG, wato rajistar motoci ta gwamnatin tarayya, tun jirgi na kan ruwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda kuma ya ce zai samo maka yafiyar fito saboda motar mara lafiya ce, ka ce ya nuna takarda daga Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, don ba ejan ke bayarwa ba. Ka biya cikakke, ka riƙe rasit.

Maman Walid: Wajen lamba kuma ka tsaya da kanka a ofishin MVAA, hukumar rajistar motoci ta jihar Legas, a rubuta ta a motar gida, lamba mai shuɗin rubutu. Jan rubutu na haya ne. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023. Sai gwajin lafiyar mota na VIO. In gilasan baya baƙaƙe ne ka nemi izinin 'yan sanda, mu sai da aka tare mu sau biyu muka yi. Kuma don Allah kafin komai, ka auna Mama tana zaune a kekenta, daga ƙasa zuwa saman ɗankwalinta, ka tura wa yayanku ya gwada da tsayin ƙofar baya. Maigidana dogo ne, har yau sai ya sunkuyar da kai yake shiga tamu.

Baban Ummi: Allah Ya saka da alheri, Maman Walid. Bari in aiki Ummi ta aro tef wajen tela. Ɗan Ladipo, maganar matatar nan fa?

Ɗan Ladipo: Tunda zuciyarku ta kwanta da ta Jamus, to duk sati ka hau da ita babbar hanyar Ibadan, ka taka ta ko zuwa Shagamu ka dawo. Ka sha dizal a gidan mai na kirki, ban da na jarka. Yaya ya haɗo matatar mai da ta dizal ko uku-uku.

Alhajin Apapa: Ya haɗo su a kayan da za a aiko daban. Kuma ka roƙe shi kada ya cusa firji da katifu a ciki, na san halin mutanenmu. Turo min hotunan takardun ta gefe, in duba bayan isha'i.