Zawo bayan shan antibiyotik, mi kuka yi ciki ya daidaita?

Uwar Tagwaye, Tawa: Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah wanda amoksisilin ya taɓa ɓata mai ciki ya gaya muna mi ya yi. Ni ciwon haƙori ne lokotoro ya rubuta mini shi, haƙori ya yi sauƙi amma ciki sai ƙugi da zawo kamar ruwa, ko hura ba ta zama, kuma ban so in tsaida maganin tunda ya ce sai na ƙare shi.

Ɗan Ader: Sannu Hajiya, Allah ya ƙara lahiya. Ni ma ya yi mini haka, na koma farmasi aka ba ni Ultra-Levure. Mai farmasin ya ce cikin hanji akwai ƙwayoyi masu amfani da yawa masu taya narka abinci suna tare miyagun, shi ko antibiyotik ba ruwanshi, duk yake kashewa, shi ya sa ciki ke rikicewa. Ita Ultra-Levure ɗin yis ce mai rai, Saccharomyces boulardii, wani Bafaranshe Henri Boulard ya samo ta a 1923 jikin ɓawon ƴaƴan itace can Indosin, wajajen Biyetnam, kuma tunda ba bakteriya ba ce antibiyotik bai taɓa ta. Kar dai ki zuba cikin kunu mai zahi, mutuwa take. Ni ta yi mini aiki gaskiya.

Inna Mai Hura: Ɗiyata ni kindirmo na riƙe. Madarar shanu nake tafasawa ta huce ta yi ɗumi, in zuba ludayi guda na nonon jiya, in ruhe ƙwarya ta kwana, da sahe ya kama gam. Ɗana da ke karatun likita ya ce ƙwayoyin Lactobacillus ne ke sa tsamin nan, amma a bar kamar awa 2 tsakaninshi da maganin. A tafasa dai don Allah, ɗanyar madara na kawo wata cutar.

Majo: Inna ta yi gaskiya, sai dai mai shan antibiyotik irin doksisiklin ko sipro kar ya haɗa da nono lokaci guda, yana hana maganin shiga jiki. Abin da ke ci mini rai a wurin aiki shi ne uwaye su kawo yaro ido ya faɗa, an yi ta ba shi yawur an manta da ruwa. Yaro mai zawo SRO ne farko, wato garin gishiri da sukari na farmasi da ake damawa da ruwa don maida ruwan jiki, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, sauran duk ƙari ne. Wanda garkuwar jikinshi ta yi rauni kar ya sha yis ɗin nan sai lokotoro ya yarda. Hajiya in kin ga jini ko zazzaɓi ko murɗa mai tsanani, ki koma likita ranar nan.

Uwar Tagwaye, Tawa: Na gode ƙwarai, ba jini alhamdulillah. Na aiki yaro farmasi, SRO ma zan sha. Inna, nonon jiyan ko na kasuwa ya yi?