Neman shawara: kuɗin inshorar lafiyarmu a Holan ya sake tashi, mu sauya kamfani ko mu zauna?

Assalamu alaikum warahmatullah, iyayena da 'yan uwana. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, kuma wannan ce shekarata ta huɗu a Amstadam tun da na biyo maigidana daga Kumasi, amma har yau ban gama fahimtar yadda inshorar lafiya ta ƙasar nan take tafiya ba. A makon jiya kamfaninmu ya aiko da takardar shekarar 2025, muka tarar an ƙara wa kowannenmu, ni da maigida, sama da yuro 10 a wata, bayan wanda aka ƙara bara. Maigida yana da ciwon suga, yana shan magani kullum, kuma yana ganin likitan ido a asibiti sau biyu a shekara. Babban ɗanmu zai cika shekara 18 a watan Maris. Wani abokin aikin maigida ya ba shi shawarar mu koma kamfanin da ya fi araha, mu kuma ɗaga kuɗin nan da suke kira eigen risico, wanda mutum yake biya daga aljihunsa kafin inshora ta fara biya, domin a rage mana yuro 20 a wata. Maigida ya karkata ga wannan shawara, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, domin ina tsoron mu sauya mu rasa wani abin da ake biya mana yanzu. Don Allah waɗanda suka riga mu zama a nan su haska mana hanya kafin shekara ta ƙare.

Baban Zainab, Rotadam:

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Abu na farko da zai kwantar miki da hankali shi ne, gwamnati ce take tsara abin da ke cikin inshorar tushe, wato wadda ta zama dole a kan kowa, ba kamfani ba. Tun daga 2006 doka ta wajabta ta a kan duk mai zama ko aiki a ƙasar nan, kuma kunshinta ɗaya ne ko a Zilveren Kruis kike, ko a CZ, ko VGZ, ko Menzis: likitan unguwa, asibiti, yawancin magunguna, kulawar ciki da haihuwa. Haka kuma babu kamfanin da yake da ikon ƙin karɓar maigidanki saboda ciwon suga, ko ya sa masa farashin da ya fi na mai cikakkiyar lafiya.

Kowace shekara a Talata ta uku ta watan Satumba gwamnati takan gabatar da kasafin kuɗi, a nan ake jin hasashen farashin shekara mai zuwa, sannan kamfanoni su bayyana nasu farashin zuwa ranar 12 ga Nuwamba, shi ya sa takardarku ta iso yanzu. Ƙarin da kika gani ba ku kaɗai ya shafa ba, domin matsakaicin farashi na 2025 ya kai kusan yuro 158 a wata, saboda albashin ma'aikatan lafiya ya tashi, magani ya yi tsada, tsofaffi masu bukatar kulawa kuma suna ƙaruwa. Abin da ke cikin kunshin ma yakan sauya kaɗan-kaɗan. A 2023 aka cire sinadarin bitamin D, wanda mu masu baƙar fata likitoci suke yawan rubuta mana saboda ƙarancin rana, kuma da yawa daga cikinmu sai a kantin magani suka ji labari da aka ce su biya. A shekarar ce kuma aka soke rangwamen da ake samu a inshorar tushe ta hanyar wurin aiki ko ƙungiya. Idan kun yanke shawarar sauyawa, ku yi rajista da sabon kamfani kafin 31 ga Disamba, shi da kansa zai soke muku tsohon.

Hajiya Babba, Amstadam:

'Yata, ki tsaya da kyau a kan maganar eigen risico, domin a nan ne shawarar abokin maigidanki za ta cutar da ku. Kuɗi ne da babban mutum yake biya daga aljihunsa kowace shekara kafin inshora ta fara ɗaukar nauyi, kuma yuro 385 ne tun 2016 ba a taɓa shi ba. Mutum yana iya ƙara har yuro 500 a kai da son ransa, ya zama 885, kamfani ya rage masa kuɗin wata. Wannan ciniki ne na wanda shekara takan zagayo bai leƙa asibiti ba. Maigidanki kuwa, tsakanin maganin kullum da zuwa wurin likitan ido, da wuya ya kai ƙarshen shekara bai cinye 385 ɗin ba, kuma idan ya ɗaga to akwai yiwuwar ya cinye 885 ɗin ma. Ki yi lissafin a gabansa a kan takarda: ragin yuro 20 sau wata 12 ya kama 240, abin da zai iya ƙaruwa a kansa kuma 500 ne.

Ni na taɓa yin wannan kuskure a shekarar da nake ganin lafiyata ƙalau, sai ga shi gwiwa ta kai ni asibiti a watan Fabrairu, takardar biya ta zo mini gaba ɗaya ana gab da azumi. Ban manta da wannan watan ba. Ke da kanki, idan ba ki da wani ciwo kuma kuna da ajiyar da za ta rufe 885 idan lalura ta taso, kina iya duba naki daban, tunda kowane babba da nasa zaɓin. Ki kuma sani cewa ganin likitan unguwa ba ya cin wannan kuɗi, haka ungozoma, haka yara 'yan ƙasa da 18, amma gwajin jini da maganin da likitan ya rubuta suna ci. Kamfanoni da dama suna yarda a biya 385 ɗin kashi-kashi idan aka nema tun farkon shekara.

Malam Abu Haidar, Den Haag:

Na yarda da Hajiya a kan kada a ɗaga, amma ba na so tsoro ya hana ku sauya kamfani, domin tazarar da ke tsakanin mai tsada da mai araha takan kai ɗaruruwan yuro a shekara ga mutum ɗaya. Inda ake faɗawa rami shi ne yarjejeniya. Yawancin masu araha nau'in da ake kira natura ne, wato kamfani zai biya cikakken kuɗi ne kawai a asibitoci da kantunan maganin da ya ƙulla yarjejeniya da su, idan kuka je wani wurin sai ya biya wani kaso, ragowar ta dawo kanku. Saboda haka kafin ku sa hannu ku shiga shafin kamfanin, ku rubuta sunan asibitin da maigida yake zuwa da kantin maganinku, ku tabbatar an rubuta cewa akwai yarjejeniya ta 2025, ba ta bana ba. Ku kuma tambaya game da maganin sugar, domin kowane kamfani yana da samfurin da ya zaɓa yake biya, kuma sauya kamfani yakan sa kwalin magani ya sauya kala da suna ko da sinadarin ɗaya ne. Ga wanda bai ƙware a karatun yaren ƙasar ba, wannan yana iya rikita shi.

Maman Sadiya, Utrecht:

Yaya, ni a kan yaronki zan yi magana. Daga ranar ɗaya ga watan da ya biyo bayan cikarsa 18, wato 1 ga Afrilu, za a fara karɓar kuɗin wata a kansa, eigen risico zai hau shi, gyaran haƙori da ake yi masa kyauta kuwa zai tsaya ne da cikarsa 18. Ki kai shi likitan haƙori tun yanzu a gama duk abin da ke akwai. Shi ma yana da haƙƙin neman tallafin nan na zorgtoeslag, wanda gwamnati take bayarwa don biyan kuɗin inshorar lafiya, da sunansa, ba a duba albashin iyaye, kuma a 2025 yana kaiwa har yuro 131 a wata ga mai ƙaramin samu. Ku ma ku duba naku, domin a 2025 ma'aurata suna iya samu idan abin da suke samu tare a shekara bai wuce yuro 50,206 ba. Idan samunku ƙarami ne, ki tambayi ofishin birni game da inshorar da suke haɗa wa masu ƙaramin ƙarfi.

Baban Zainab, Rotadam:

Na manta da abu biyu. Idan akwai bashin kuɗin wata a kanku, ba za a bar ku ku sauya ba sai kun biya, kuma bashin da ya kai wata shida ana miƙa shi ga hukumar CAK, wadda take cire kuɗin da ya fi na da daga albashi. Na biyu, wajibcin karɓar kowa bai shafi ƙarin inshora ba, wato ta haƙori da tabarau da gashin ƙashi, don haka kada ku soke wadda kuke da ita sai sabon kamfani ya amsa muku a rubuce. Idan kuna da niyyar zuwa gida ko Umra, ku tuna cewa inshorar tushe tana biyan jinyar gaggawa a waje daidai farashin Holan ne kawai, ba ta ɗaukar kuɗin dawo da majinyaci.

Mai tambaya:

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Na karanta wa maigida amsoshinku jiya da daddare, ya ɗauki biro ya yi lissafin da kansa, kuma ya haƙura da ɗaga kuɗin. Mun ware kamfanoni biyu, ɗaya ya nuna asibitin maigida a cikin yarjejeniyar 2025, ɗayan kuwa ya rubuta cewa har yanzu ana tattaunawa, don haka za mu jira zuwa tsakiyar Disamba mu sake dubawa. Yaron kuma na kama masa layin likitan haƙori ranar Alhamis.